Ziyarar Jirgin Mayflower na Biyu: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Shiga

'Yan'uwa, yawancinmu mun girma nesa da teku. In aka ce jirgin ruwa, abin da yake zuwa mana a rai shi ne kwalekwalen da ake haye kogi da shi ran kasuwa. Amma yanzu Allah ya buɗe wa wasunmu hanya zuwa Amurka, wasu don karatu, wasu don taro, wasu kuma don ganin 'ya'ya da jikoki. Duk wanda tafiya ta kai shi birnin Boston, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota tsakaninsa da wani jirgin katako mai filafilai wanda tarihin ikilisiya yake da magana a kansa. Sunansa Mayflower na Biyu, yana ɗaure a bakin teku a garin Plymouth, cikin jihar Massachusetts.

Mun rubuta wannan bayani domin wanda zai je ya tafi a shirye, ya san abin da zai duba. Mai zagaya jirgin a guje yana iya gamawa cikin minti goma, ya fito da hotuna kawai. Wanda ya san labarin kuwa zai tsaya a ɗakin da mutum 102 suka kwana 66 a kan teku, ya auna da idonsa abin da 'yancin sujada ya ci wa waɗansu. Wanda ba zai je ba ma zai sami abin da zai koyar da shi a ajin tarihin ikilisiya.

Wane jirgi ne wannan?

Abu na fari da ya kamata mu sani shi ne, wannan ba shi ne ainihin jirgin da ya ƙetare Tekun Atlantika a 1620 ba. Na farkon jirgin 'yan kasuwa ne da yake ɗaukar kaya, musamman ruwan inabi daga Faransa zuwa Ingila. Kyaftin ɗinsa, Christopher Jones, ya rasu a 1622. A 1624 aka yi wa jirgin kuɗi a matsayin tsohon jirgi da ya lalace, daga nan ba a ƙara jin labarinsa ba. Ba a bar zanensa ko hotonsa ba.

Na biyun kwaikwayo ne, amma an yi shi da cikakken girma, kuma jirgi ne na gaske da yake tafiya a teku. Wani ɗan jarida Bature mai suna Warwick Charlton, wanda ya yi aiki tare da sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya kawo shawarar a gina shi a ba Amurkawa kyauta domin godiya. Wani masanin zanen jiragen ruwa, William Baker, ya yi nazarin jiragen kasuwa na wancan zamani ya fitar da zane. An fara ginin a 1955 a garin Brixham na Ingila da katakon oak, aka sa shi a ruwa a watan Satumba na 1956. Ran 20 ga Afrilu 1957 ya tashi daga Ingila a hannun kyaftin Alan Villiers, mutumin Ostireliya, ya iso Plymouth ta Amurka ran 13 ga Yuni. Ba shi da inji, iska ce kaɗai ta kawo shi.

Tsawonsa ƙafa 106 ne, wato wajen mita 32, faɗinsa kuma ƙafa 25. Daga 2016 zuwa 2020 an kai shi Mystic a jihar Connecticut aka yi masa babban gyara, aka canja mafi yawan katakonsa, ya dawo gida a watan Agusta na 2020. Gidan tarihi mai suna Plimoth Patuxet ne yake kula da shi.

Su wane ne suka shiga na farkon?

A zamanin Sarki James na Ɗaya, doka ta tilasta wa kowa a Ingila halartar sujadar Ikilisiyar Ingila. Wanda bai je ba ran Lahadi, tarar sule ɗaya ce a kansa, wanda kuma ya kafa taron sujada na dabam yana iya shiga kurkuku. Wajen 1606 waɗansu masu bi suka fara taruwa a ɓoye a gidan William Brewster a ƙauyen Scrooby. Sun gaskata cewa ikilisiya taron masu bi ce da suka ɗaura alkawari da Allah da kuma juna, kuma ita ce take da ikon zaɓar fastonta da dattawanta, ba sarki ko bishop ba.

Da tsanani ya yi yawa suka gudu zuwa Holan a 1608, suka zauna a birnin Leiden daga 1609 tare da fastonsu John Robinson. A can ba wanda ya hana su sujada. Amma manoma ne da suka koma aikin saƙa mai wuya da ƙaramin lada, suna kuma ganin 'ya'yansu suna barin harshensu da tarbiyyarsu. Saboda haka wani sashe na ikilisiyar ya yanke shawarar ƙaura zuwa Amurka. Ba su da kuɗin tafiya, sai suka yi yarjejeniya da 'yan kasuwar Landan cewa za su yi aiki shekara bakwai a kan dukiyar haɗin gwiwa. 'Yan kasuwar kuma suka haɗa su da waɗansu matafiya da neman abinci ne ya fito da su, ba maganar sujada ba. Don haka ba dukan mutum 102 ɗin ne 'yan ikilisiyar ba.

Da jirgi biyu suka fara tafiya, amma na biyun, Speedwell, ya yi ta yoyo har sau biyu suna komawa gaɓa. A ƙarshe aka bar shi, waɗansu suka fasa tafiya, sauran aka cusa su cikin Mayflower. Wannan jinkiri ne ya sa suka tashi a watan Satumba, lokacin da guguwa take tasowa a tekun, suka kuma isa a bakin hunturu. Fasto Robinson ya tsaya a Leiden tare da sauran garken, ya rasu a can a 1625 bai taɓa ganin Amurka ba. Shekaru da dama Brewster, wanda dattijon ikilisiya ne ba naɗaɗɗen fasto ba, shi yake wa'azi da addu'a, amma ba ya ba da baftisma ko Jibin Ubangiji.

A Plymouth za mu ji ana kiransu Pilgrims, wato matafiyan bangaskiya. Sunan ya samo asali ne daga rubutun gwamnansu William Bradford, wanda ya ɗauko tunanin daga sura ta 11 ta wasiƙar Ibraniyawa.

Yaushe za a je, kuma ta wace hanya?

Ba a buɗe jirgin duk shekara. Ana karɓar baƙi daga wajen watan Afrilu zuwa ƙarshen Nuwamba, yawanci daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma. Da hunturu a rufe yake, wani lokaci ma akan janye shi zuwa wurin gyara. Wanda ya je Amurka hutun Kirsimeti kada ya sa rai zai shiga. Kafin a bar masauki, a duba shafin intanet na gidan tarihin a tabbatar da ranaku da sa'o'i da kuɗin shiga na wannan shekara.

Daga Yuni zuwa Agusta akwai ɗumi, amma lokacin ne 'yan yawon buɗe ido suka fi yawa. Satumba da Oktoba sun fi sauƙin cunkoso. A watan Nuwamba 'yan makaranta sukan cika wurin, musamman makon Ranar Godiya ta Amurkawa, wadda take faɗuwa ran Alhamis ta huɗu ta watan. A kowane wata, zuwan safe ya fi.

Plymouth tana kudu da Boston da wajen kilomita 64. Mai mota zai bi babbar hanya mai lamba 3. Marar mota yana iya shiga jirgin ƙasa daga tashar South Station a Boston ya sauka a Kingston, garin da yake maƙwabtaka da Plymouth, ya ƙarasa da tasi. Jirgin yana ɗaure ne a bakin titin Water Street. Wurin ajiye mota na kuɗi ne, kuma yakan cika da wuri a lokacin zafi.

Tikiti da shirin jiki

Gidan tarihin yana da wurare dabam dabam, ba a waje ɗaya suke ba. Akwai jirgin. Akwai injin niƙa na ruwa a cikin gari, kwaikwayon wanda aka gina a 1636. Akwai kuma babban filin gidan tarihin, wajen kilomita 5 kudu da jirgin, inda aka sāke gina ƙauyen Turawan kamar yadda yake a 1627, da kuma gidajen Wampanoag, mutanen da suka riga su zama a ƙasar. Ana iya sayen tikitin jirgi kaɗai, ana kuma iya sayen wanda ya haɗa duka. Mai awa ɗaya ko biyu ya sayi na jirgi. Mai yini guda ya sayi na haɗin, amma ya tuna yana bukatar mota tsakanin wuraren. Masu zuwa a ƙungiya, kamar zumuntar mata ko ta matasa, gara su sanar da gidan tarihin tun kafin ranar.

A sa takalmi marar tsini mai kama ƙasa, domin katakon yakan yi santsi in ya jiƙe. Masu doguwar riga ko zane su lura da matakala, su bar hannu ɗaya domin riƙe dogari. A ɗauki rigar sanyi ko da rana tana haske, gama iskar bakin teku tana da sanyi ga wanda bai saba ba.

Game da tsofaffi da masu ciwon gwiwa, ya kamata mu faɗi gaskiya. Ana shiga jirgin ta wata gada daga gaɓa, kuma gangarenta yana canjawa bisa ga cikowa da janyewar teku, wani lokaci ta miƙe sosai. A ciki kuma akwai hawa da sauka. Keken guragu ba ya zagaya jirgin. Amma a gaɓar akwai allunan bayani, ana kuma ganin jirgin sarai daga nan. Kada mu matsa wa Baba ko Mama su hau don kawai an biya kuɗi. Yara kuma a riƙe hannunsu. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa a zagaya a natse.

Abin da za mu duba a ciki

Da shiga za mu sami kanmu a hawan sama, inda sararin sama yake a buɗe. A ɗaga kai a dubi dogayen turaku uku da suke riƙe da filafilai, da wani na huɗu da ya karkata a goshin jirgin, da igiyoyi masu yawan gaske, kowace da aikinta. Wannan fili na matuƙa ne, waɗanda suka kai wajen 30 a tafiyar 1620. Fasinjoji ba su da izinin zama a nan yadda suka ga dama, balle in teku ta tashi.

A gaban jirgin akwai ɗakin da ake dafa abincin matuƙa. Wuta a jirgin katako abin tsoro ce, saboda haka in akwai guguwa ba a hura ta. Abincin tafiyar shi ne busasshen biskit mai tauri, da naman da aka adana da gishiri, da busasshen kifi, da cuku, da wake. Abin sha kuwa giya ce marar ƙarfi, har ga yara, domin ruwan da ya daɗe a ganga yakan lalace.

A bayan jirgin akwai ɗakin kyaftin da wurin tuƙi. A nemi wata doguwar sanda a tsaye wadda take haɗe da abin juya jirgi. Mai riƙe da ita ba ya ganin inda jirgin ya dosa sosai, yana bin kamfas ne da muryar wanda yake sama yana ba shi umarni. Da kamfas, da agogon yashi, da ma'aunin tsayin rana suka nemi hanya. Niyyarsu bakin kogin Hudson ce, inda birnin New York yake a yau, amma suka ɓullo a Cape Cod, can arewa da nan.

Sa'an nan a sauka zuwa hawan tsakiya. Nan ne zuciyar ziyarar, kuma nan muke roƙo kada a yi hanzari. Matakalar da muke bi an ƙara ta ne domin baƙi, mutanen 1620 tsani suke hawa. An yi wannan wuri domin kaya, ba domin mutane ba. Masana sun ƙiyasta cewa a jirgin farko rufinsa bai wuce ƙafa biyar da 'yan kai ba, dogon mutum ba ya miƙewa. Ba taga sai ƙofofin bakin igwa, su ma a rufe suke in teku ta tashi. A nan maza da mata da yara suka kwana, suka ci, suka yi amai, suka biya bukatarsu a bokiti, ruwan teku yana ɗigo musu ta tsakanin katako. A cikin wannan matsi kuma aka ajiye wani babban kwalekwale da aka rarraba gunduwa gunduwa, har waɗansu suka mai da shi wurin kwana. A tsaya a ƙirga mutanen da suke tare da mu a ɗakin a lokacin, sa'an nan a kwatanta da 102.

A dubi manyan katakan da suka gitta rufin. A tsakiyar teku ɗaya daga cikin irinsu ya tsage, har matuƙa suka fara maganar komawa. Da wani babban ƙarfen murɗawa da fasinjojin suka taho da shi daga Holan aka tura katakon ya koma wurinsa, aka tokare shi. A wata guguwa kuma wani saurayi, John Howland, ya faɗa teku, amma ya kama wata igiya da take jan ruwa aka jawo shi. Ya rayu har ya tsufa. An haifi yaro ɗaya a kan teku aka sa masa suna Oceanus. Wani saurayi mai suna William Butten ya rasu kwanaki kaɗan kafin a ga ƙasa.

A cikin jirgin ne kuma, ran 11 ga Nuwamba 1620, maza 41 suka sa hannu a Yarjejeniyar Mayflower. Dalilinta shi ne, da aka ga ba a sauka inda takardar izini ta ce ba, waɗansu fasinjoji suka ce ba mai iko da su. Sai aka rubuta alkawari cewa za su zama jama'a ɗaya, su kafa dokoki na adalci, kowa ya yi biyayya da su. A lura, wani allo zai ce 11 ga wata, wani ya ce 21. Ba kuskure ba ne: Ingila ta lokacin tana bin tsohuwar kalanda wadda take bayan tamu da kwana goma.

Akwai ma'aikata a jirgin da aikinsu shi ne amsa tambaya. Kada mu ji nauyin tambayarsu. In sun yi sauri da Turanci, a roƙe su su maimaita.

Bayan an sauka

Labarin bai ƙare a jirgin ba, kuma wuraren da suka cika shi suna kusa, da ƙafa ake zuwa. Taku kaɗan daga gaɓar akwai Dutsen Plymouth a ƙarƙashin wata rumfar dutse, an sassaƙa 1620 a kansa. Kallonsa kyauta ne. Mutane da yawa sukan yi mamakin ƙanƙantarsa. Ba wani daga cikin matafiyan da ya ambace shi a rubuce. Sai a 1741 wani dattijon ikilisiya mai suna Thomas Faunce, wanda ya haura shekara 90, ya ce ya ji daga magabata cewa a nan aka sauka.

Abin da ya fi dutsen nauyi yana ƙetaren titi, a kan tudun Cole's Hill. Nan aka binne waɗanda suka mutu a hunturun farko. Sun iso Plymouth a watan Disamba ba gida ko ɗaya, yawancinsu suka ci gaba da kwana a jirgin ana gini a gaɓa. Sanyi da ciwon huhu da cutar rashin ɗanyen abinci suka kama su. Akwai lokacin da mutum shida ko bakwai ne kawai suke da ƙarfin jinyar sauran, Brewster yana cikinsu. Kafin hunturu ya wuce kusan rabinsu sun mutu. Cikin matan aure 18, huɗu ne suka ga girbin 1621. Duk da haka, da jirgin ya juya Ingila a watan Afrilu na 1621, ba ko ɗaya daga cikinsu da ya bi shi.

A kan tudun nan kuma akwai mutum-mutumin Massasoit, shugaban Wampanoag. Wajibi ne mu tsaya a nan ma. Wurin da Turawan suka kira Plymouth garin mutane ne mai suna Patuxet, wanda annoba ta share tsakanin 1616 da 1619. Gonakin da baƙin suka samu a share na matattu ne. Tun a Cape Cod ma sun tone masarar da mutanen ƙasar suka binne suka ɗiba, sai daga baya suka biya. Tisquantum, wanda ya koya musu shuka masara ya kuma zama tafintansu, ya iya Turanci ne domin wani kyaftin Bature ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen don ya sayar. Da ya dawo a 1619 ya tarar garinsu ba kowa. Massasoit ya ƙulla amana da baƙin a watan Maris na 1621, kuma ba don taimakon mutanensa ba da wuya su rayu. Amma a 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin 'ya'yan baƙin da ɗan Massasoit, Metacom, Wampanoag suka rasa rayuka da ƙasa, aka sayar da waɗansunsu bayi. Tun 1970 'yan asalin ƙasar suke taruwa a wannan tudu kowace Ranar Godiya suna kiranta ranar makoki.

Mai sauran lokaci ya hau titin Leyden Street, titin farko na garin, zuwa tudun Burial Hill inda suka gina kagara a 1622 wadda ita ce kuma ɗakin sujadarsu. Sa'an nan ya shiga gidan tarihi na Pilgrim Hall, wanda aka buɗe a 1824. A nan ne ake ganin ainihin kayan matafiyan, har da Littafi Mai Tsarki na Bradford da gadon jaririn da aka haifa a jirgin bayan sun iso Cape Cod. Shi da tikitinsa dabam.

Abin da za mu koma gida da shi

Waɗannan mutane sun bar gona da dangi da ƙasa domin su yi sujada bisa ga lamirinsu, rabinsu kuma suka biya da rai. Wannan ya cancanci girmamawa, kuma ɗakin nan mai duhu yana koyar da shi fiye da dogon bayani. Amma tarihin bai ɓoye sauran ba. Kafin shekara 40 ta cika, hukumar Plymouth ta kafa dokokin tara da bulala da kora a kan 'yan ɗarikar Quaker, waɗanda su ma lamirinsu suke bi. Wanda ya sha tsanani yana iya tsananta wa wani in iko ya zo hannunsa, kuma wanda aka karɓa a matsayin baƙo yana iya manta alherin mai gida. In za mu ba 'ya'yanmu labarin Mayflower, mu ba su dukansa: bangaskiyar waɗanda suka shiga jirgin, da jinyar da mutum bakwai suka yi wa sauran, da abin da ya sami Wampanoag.

Ga masu shirin tafiya, a duba ranakun buɗewa tukuna, a je da safe, a sa takalmin da ya dace, a kuma ba hawan tsakiya da tudun Cole's Hill lokacinsu. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya dawo mana da ku lafiya.